Kurɓin Mai Gida

Ƙafafun Baba Yosiya sun sake kumbura. 'Yarsa Zipora ta lura tun daga bakin ƙofa, da ta dawo daga wurin aikinta a Abuja ranar Juma'a. Takalmin ya ƙi shiga, sai ya take bayansa.

Likitan ƙoda bai ɓoye musu komai ba. Ruwa gora ɗaya a yini, har da na haɗiyar magani, har da shayi da kunu. Gishiri kaɗan, ba kanwa, ba jiƙo. In ruwa ya ci gaba da taruwa a jiki, sai wankin ƙoda, Baba kuwa ya riga ya rantse ba mai jona shi da inji.

Ta ɗaga gorar. Da sauran ruwa a ciki. To daga ina ruwan ke shiga jikinsa?

Ta fara zargin Mama Ronke, maƙwabciyarsu a Sabon Gari, wadda ke yi masa girki in Zipora ba ta nan. Ta lallaɓa kicin ta ɗanɗana miya. Lami.

"Ƙara ɗanɗanawa, 'yata," in ji Mama Ronke daga bayanta. "Wannan miya ko akuya ba za ta ci ba. Ni dai dokar likita nake bi."

Kunya ta kama ta, amma ba ta daina ba. Ta leƙa ƙarƙashin gado ko dangi sun kawo jiƙo daga garinsu, Agwada. Ta shinshina kofuna. Baba yana kallonta ta saman tabarau.

"Aikin ɗan sanda kika samu a Abujan?"

"Baba, me kake sha in ba na nan?"

"Abin da ke cikin gorarki."

Bai taɓa yi mata ƙarya ba, shi ya sa abin ya fi damunta.

Ranar Lahadi bayan sujada 'yan dubiya suka cika falo. Kawu Manasseh, ƙanen Baba, ya zo daga Agwada da tsofaffi abokansa. Aka kawo kunun zaƙi. Baba ya ɗauki kofin farko, ya kurɓa, ya miƙa wa baƙo. Ya ɗauki na biyu, ya kurɓa, ya miƙa.

Zipora ta tsaya cak da tire a hannu. Tun tana yarinya take ganin haka. A wurin mutanensu baƙo ba ya shan abin da mai gida bai fara kai wa baki ba. Tun da ciwon nan ya kwantar da shi kuwa, gidan bai rabu da baƙi ba.

"Baba, wannan ma sha ne."

"Wannan gaisuwa ce," ya ce, har ransa. "So kike a ce Yosiya ya ba mutum abin da shi bai taɓa ba?"

Ya kai hannu ga kofin Kawu Manasseh. Ta riga shi. Ta kurɓa, ta durƙusa ta miƙa.

Kawu ya karɓa, ya dubi kunun, ya dubi ɗan'uwansa. Bai sha ba.

"Yaya, me ya hana ka taɓawa?"

Baba ya daɗe yana kallon ƙafafunsa. Duk zaman nan bai gaya wa dangi abin da likita ya ce ba.

"Zipora, gaya musu," ya ce a hankali. "Duka. Har da maganar injin."