Albasar Baban Haidar

Sabon siton albasa da ƙungiyar manoma ta gina a bayan Aliero yana ɗaukar buhu dubu uku, masu son wuri kuwa albasarsu ta kai dubu tara. A shekarar farko da hannu aka rubuta sunaye, sai aka wayi gari surukan magatakardan ƙungiyar duk sun samu wuri, har da wani da gero kaɗai yake nomawa. Da shekara ta zagayo, Alhaji Magaji, shugaban ƙungiyar, ya rantse ba hannun mutum da zai sake taɓa rabon nan. Ya aika Jega aka ɗauko Raihanatu, ɗiyar wani tela, wadda ta karanta kwamfuta har ta fara sa tabarau, aka ce ta shirya yadda kowa zai nemi wuri ta waya.

Raihanatu ta yi aikinta tsaf. Ta bayyana wa dattawa cewa duk buƙatar da waya za ta aika zuwa babbar kwamfuta tamkar buhu ce. A bakinta akwai alamar wayar da ta aiko da inda za ta, a cikinta kuma abu uku: sunan mai kaya, garinsa, da yawan buhunansa. A ƙofar kwamfutar ta sa mai gadi mai bincike, ba mutum ba, 'yan layukan rubutu ne, yana kwance kowane buhu ya duba. Yawan buhu dole ya zama lamba, ba "da ɗan dama" ba. Gari dole ya zama cikin garuruwan ƙungiya. Suna dole ya yi daidai da wanda aka rubuta wa wannan lambar waya a rajista, domin waya abin aro ce, tana kwana gida uku a mako. Amsar da za ta koma ita ma ta yi mata siffa: lamba ɗaya da kalma ɗaya, kuma wayar ta karanta a bayyane saboda waɗanda ba su yi boko ba. Ɗari biyu, an karɓa. Ɗari huɗu, an ƙi.

Kafin mako biyu maganar ta shiga gari. A Jiga Birni in yarinya ta sallami saurayi sai a ce ta ba shi ɗari huɗu. Wani mai suna Ɗantsoho ya rubuta buhu dubu biyu don ya gwada, aka ba shi nasa ɗari huɗun, ya yi kwana uku yana gaya wa mutane kwamfutar 'yar siyasa ce. Magaji kuwa daɗi ya cika shi, in ya shigo ofis sai ya kira ta Injiniya, ya tambaya ko mai gadinta ya karya kumallo.

Saura kwana uku a rufe karɓa, Raihanatu ta zauna da hantsi tana duba buƙatun da aka ƙi, don ta ga irin shirmen da ta tare. Sai ta ga lamba ɗaya daga Giwa Tazo ta aiko sau goma sha ɗaya. Gari daidai. Buhu ashirin da shida, kullum ashirin da shida, ba ƙari ba ragi. Wurin suna ne kaɗai yake canjawa. Na farko an rubuta Baban Haidar. Na biyu, Maigida. Sannan Yayan Yusuf, sannan Mai gonar bakin fadama, sannan Mai jar hula. Na ƙarshe, wanda aka aiko kwana biyar da suka wuce, an rubuta Marigayi. Daga nan shiru.

Ta buɗe rajista. Lambar ta Isiyaku Yaro ce. Ta kira, ba a ɗauka ba. Ta daɗe tana kallon allon, sannan ta ɗauki mayafinta ta nemi mota mai zuwa Maiyama, daga can ta hau babur.

Gidan yana ƙarshen gari, wajen da Fulanin da suka zauna tun kakanni suka yi shigifa, ɗakunan ƙasa. Tun daga ƙofa warin albasa ya tare ta, irin wanda manomi ba ya so, mai ɗan zaƙi-zaƙi. An baza ta ƙarƙashin rumfar kara, mata biyu suna tsince wadda ta fara laushi. Tsohuwar ita ce Inna Adama, uwar Isiyaku. Ƙaramar kuma Salma, matarsa, wadda ba ta daɗe da fita takaba ba. Zazzaɓi ne ya ɗauke shi bayan an dasa albasa, su biyu suka ƙarasa ban ruwa da ciyawa, da taimakon ƙanensa Yusuf kafin ya koma bin shanu.

Aka ba ta ruwa, aka yi gaisuwa mai tsawo, har aka tambayi lafiyar injin ɗinkin babanta. Da ta faɗi abin da ya kawo ta, Inna Adama ta ce ai ba komai, sun gane. Ƙungiya ta maza ce, kuma wanda aka sani ba ya nan. Sun riga sun yi magana da wani dillali, ranar kasuwar Jega zai zo ya kwashe a yadda ya ga dama, tunda albasa ba ta jira. Raihanatu ta san abin da hakan yake nufi. Yanzu kakar albasa ce, ta cika kasuwa kamar tsakuwa. Wadda ta kai damina a sito ita ce za ta ciyar da gida shekara.

Ta ce musu ba ƙungiya ce ta ƙi su ba, suna ne bai yi daidai ba. Ta juya wajen Salma, wadda ita ke rubutawa, ta tambaye ta me ya hana ta sa sunan yadda yake. Salma ta sunkuyar da kai tana juya wata albasa a hannu.

Inna Adama ta dubi baƙuwar sama da ƙasa.

"Ɗiyar nan, ke a gidanku uwarki tana kiran sunan ubanki?"

"A'a, Inna. Malam take ce masa."

"To ɗan fari nata fa?"

Raihanatu ta tuna gidansu. Yayanta sunansa Nuraddeen, kuma tun da ta yi wayo ba ta taɓa jin kalmar a bakin uwarta ba. Wancan yaron, take cewa, ko da ya riga ya yi furfura a gemu.

Inna ta ce, "Shi wanga da kike tambaya, ɗan fari na ne, mijinta ne. Wa kike so ya faɗa a cikinmu? Kaza?"

Salma ta yi ƙaramar dariya a cikin mayafi. Ta ce da wayar ta gaya musu suna ne matsalar, da ta aika maƙwabta an rubuta mata. Amma abin da take ta faɗi ke nan, ɗari huɗu, an ƙi. Sau goma sha ɗaya mutum ya yi sallama a ƙi amsa masa, ai ya san ya koma gida.

A kan babur, hanyar komawa, abin bai bar Raihanatu ba. Mai gadinta bai yi kuskure ko ɗaya ba, abin da ta gaya masa shi ya yi. Ita ce ta zauna a Jega ta yanke cewa kowane mutum suna ɗaya gare shi kuma kowa yana iya faɗinsa, alhali a ɗakin da aka haife ta ma ba haka ba ne. Kuma ta tsananta wa abin da yake shigowa, ta bar abin da yake fita ya tafi da kalma ɗaya, ba dalili, kamar amsar mai kuɗi. Da ta isa ofis bayan la'asar ta sake tace buƙatun da aka ƙi. Lambobi talatin da ɗaya ta samu irin wannan, daga Jandutsi har Giwa Tazo, yawanci matan da mazansu suka tafi kudu da mota suka bar musu waya.

Washegari ta sami Magaji. Ya ji labarin, ya yi wa Isiyaku addu'a, ya ce mutumin kirki ne, amma in tana nufin ta buɗe rajista ta sa su da hannu, to ta manta. Haka magatakarda ya fara, da tausayi. Ta ce ba ta baya za ta shigar da su ba, ƙofar za ta gyara. Wurin rubuta sunan mai kaya zai karɓi ɗaya daga biyu: ko sunan yanka, ko sunan da gidan suke kiransa da shi, muddin an riga an rubuta shi a rajista gefen lambar.

Magaji ya ce, "Injiniya, Baban Haidar nawa ne a ƙasar Maiyama? Ni kaina na san huɗu."

"Mai wannan lambar ɗaya ne, Baba."

"In Ɗantsoho ya ari wayar fa?"

"Sai ya san sunan da aka rubuta. Kuma in ya sani ma, wurin na mai kayan ne, ba nasa ba."

Ya shafa gemu ya ce to wa zai tabbatar da sunayen. Ta ce masu unguwa. Ya yi ɗan tunani, sannan ya ce ta sa masa nasa ma, don Hajiyarsa shekara arba'in "Kai" kawai take ce masa. Raihanatu ta ce wannan sai an kawo shaidu biyu.

Yini guda ta yi tana kiran masu unguwa tana rubutawa. Ta gyara siffar buƙata. Ta gyara ta amsa, ta ƙara mata wurin dalili, ta kuma sa mai gadin ya riƙa duba amsar kafin ta fita: duk ƙin da ba shi da dalili ba zai wuce ƙofa ba. Tana gwadawa sai ta ji wayar ta ce, ɗari biyu, an karɓi buhu kaza na Isiyaku Yaro. Saura kaɗan ta aika na'ura ta kwarma sunan a tsakar gida gaban uwarsa da matarsa. Ta ƙara sharaɗi: da sunan da aka tambaya, da shi za a amsa.

Ranar rufewa da safe ta koma Giwa Tazo, domin wayar Salma har yanzu ba a ɗauka, tun rasuwar ba ta son ƙararta. Ta tarar dillalin ya riga ya aiko da buhunan da zai zuba albasar an jibge a zaure. Salma ta goge hannu, ta ɗauko wayar tasu, ta rubuta yadda ta rubuta ran farko. Suka jira. Wayar ta ce ɗari biyu, an karɓi buhu ashirin da shida na Baban Haidar, a kawo ranar Litinin, layi na bakwai.

Salma ta sa a sake, ta sake ji, sannan ta tashi ta shiga ɗaki. Inna Adama ba ta ɗago daga tsintar albasa ba. Can ta tambaya ko a can cikin kwamfutar an rubuta shi daidai, yadda liman ya raɗa masa. Raihanatu ta ce daidai yake, da na mahaifinsa a gefe.

"Ita wagga aba, tana da kunya?"

"Ba ta da ita, Inna. Ni ce na ara mata."

Tsohuwar ta juya albasa ɗaya, ta matsa wuyanta da babban yatsa, ta ajiye ta cikin masu kyau. Ta ce tun da aka kai shi ba wanda ya faɗi sunan a gidan nan, masu gaisuwa ma marigayi suke cewa. Ta gyara zama ta ba Raihanatu baya.

"Karɓe aronki. Ta faɗa sau ɗaya."

Raihanatu ta ɗauki wayar Salma, ta rubuta sunan yanka ta aika. Wayar ta ce wurin Isiyaku Yaro yana nan, buhu ashirin da shida, layi na bakwai. Hannun Inna ya tsaya a kan tulin albasa, ya ɗan jima a wurin. Sannan ta ɗaga murya ta kira Salma, ta ce ta fito su kwashe buhunan dillalin nan daga zaure kafin ya zo, a gaya masa an ba shi ɗari huɗu.