Jan Fenti a Bangon Barau

Shekarar da aka datse kogi a Bakolori, ma'aikatan dam suka zo wani ƙauye kusa da Maradun, suka kafa dogon turke a bakin ruwa da zane-zane a jikinsa, sannan suka bi gida-gida suna shafa irinsu da jan fenti. Tafinta ya yi bayani, amma ranar kowa na gona. Aka ce sihirin Turawa ne na korar mutane. Barau kuwa, da ba ya wasa da abin tsoro, ya kwaɓa laka ya yaɓe nasa zanen, don mahaifiyarsa Hindu na kwance a ɗakin da aka yi wa zanen a bango, ƙafafu sun mutu.

Ruwa ya yi ta hawa turken a hankali. Ran nan da safe Barau ya gan shi ya taɓa zane mai sanda uku, ya hau kekensa ya tafi kasuwar Talata Mafara abinsa.

A rumfar Luka mai gyaran agogo ya tsaya shan inuwa. Sai ga zanen nan reras a fuskar wani agogon bango. Barau ya tsura masa ido. Bayan doguwar gaisuwa ya tambaya, Luka ya yi dariya ya ce ai lissafi ne kawai na Rumawa. Da Luka ya ji labarin turken, dariyar ta ɗauke. Ya ce in haka ne, lambar kowane gida na nuna inda ruwa zai kai a turke kafin ya shigo gidan.

Barau ya duƙa ya zana tasa a ƙasa: sanda ɗaya da wani abu kamar bakin gwafa.

"Malam Barau, sandag ga gaba take ko baya?" in ji Luka. "In tana baya, shidda ce, kana da sauran lokaci. In tana gaba, huɗu ce. Ita ka bi ma ukku."

Barau ya goge, ya sake zanawa, ya sake gogewa. Wallahi ya kasa tunawa. Tsoro ya kama shi, ya tashi ya bar gishirin da ya saya a nan.

Ya taka keke kamar zai karya shi. La'asar sakaliya ya iso, bai ko yi sallama ba, ya ɗauki fartanya ya hau kankare bango. Matarsa Larai na tambayarsa lafiya, shi kuwa sai kankara yake. Ja ya fara leƙowa. Gwafar ta fito, bayanta wayam. Ya kankare gabanta, sai ga sandar a tsaye.

Daga cikin ɗaki Hindu ta kira shi, muryarta ƙasa-ƙasa.

"Barau, wa yaz zubar da tulu? Tabarmata ta jiƙe."

Ya waiga. Tulun na nan a mazauninsa, cike.