Yatsan Kansila

Kansila Ɗanasabe yana tsaye, hannu ɗaya a kan tebur, ɗaya yana sarar iska, lokacin da wayarsa ta sake kaɗawa a aljihu. Bai kula ta ba. Zauren taron na Talata Mafara ya cika da kansilolin Mafara da Bakura da Maradun, kuma magana ta fara yi masa daɗi a baki.

Abu biyu aka tara su su ba da ra'ayi a kai. Na farko, ko za a ci gaba da rufe gefen tafkin da kifi ke zuba ƙwai, daga faɗuwar ruwa har zuwa kaka. Wannan kam tun da safe aka gama, kuma Ɗanasabe ne ya ja gaba. Shi ɗan masunci ne, ya ga yadda kifi ya koma kamar ɗan yatsa, shi ya sa da hannunsa ya shafa wa jarkoki jan fenti aka jera su a ruwa a matsayin iyaka. Duk wanda aka kama ya ƙetare su, tarunsa ya tafi ke nan. Na biyu kuwa, ko za a kai na'urar da ke adana bayanan majinyata zuwa kowane asibitin mazaɓa. An riga an sa ta gwaji a wasu asibitoci, mutum ya ɗora babban yatsa, sunansa da ciwonsa su fito. A kan wannan ne Ɗanasabe ke kumfar baki.

"Ciwo sirri na," in ji shi. "Tsakanin bawa da Ubangijinai da likita. Yanzu ku ce a zuba shi cikin kwamfuta, wadda ba ta da kunya ba ta da tsoron Allah? Yau ka aza yatsa, gobe labarinka na sakatariya!"

Aka ɗan tafa. Abin da masu tafin ba su sani ba shi ne, sunan Ɗanasabe yana cikin na'urar tun bara. Jiri ya kayar da shi a bakin tashar Mafara, aka kwashe shi zuwa asibiti, ya farfaɗo ya tarar an riga an dangwala yatsansa, an kuma gano yana da ciwon suga. Tun daga ranar yake ɓoye ƙwayoyinsa a akwatin babur tare da sufana. Tsoronsa ɗaya ne, kada 'yan hamayya su ji su ce mazaɓa ta zaɓi majinyaci. Ga shi kuma a asibitin da ya fi kusa da ƙauyensu, wadda ke riƙe da na'urar ita ce Mufida, 'yar Alhaji Nuruddeen, mutumin da ya kayar a zaɓe.

Wayar ta sake kaɗawa. Ya leƙa, ya ga Inno ce, mahaifiyarsa. Inno ba ta kiran waya, sai dai a kira ta. Ya nemi izini ya fita baranda.

Ko gaisuwa ba ta tsaya an gama ba. "Ka taho yanzu. Ƙahwar yayanka ta kumbura hal gwiwa, jikinai kamar wuta. Na yi na yi shi tahi asibiti, ya ƙiya."

"Mi yas same shi?"

"In ka zo ka ji da kunnenka."

Ya bar hularsa a kan teburin taro bai ma sani ba. Ya tayar da babur ya kama hanyar Bakura, gonakin shinkafa suna wucewa hagu da dama. Ya ratse wajen Birnin Tudu, ya bi turbar da ruwan jiya ya jiƙa, taɓo yana fallatsa masa a babbar riga. Da ma yayansa Jatau ba mai kwanciya ba ne. Shi ya goya Ɗanasabe ya kai shi makaranta bayan rasuwar mahaifinsu, shi ya tsaya a ruwa don ƙanensa ya tsaya a aji. In Jatau ya kwanta, to abin ya kai.

Ya tarar da shi a rumfar tsakar gida, a kan tabarma, ƙafar dama a miƙe an lafta mata ganye da toka. Da Inno ta ɗaga tsumman, Ɗanasabe ya kau da kai. Ƙafar ta yi suntum tana sheƙi, wani jan layi ya kama hanyar cinya.

"Yaya, sannu. Mi yas soke ka?"

Jatau ya kalli rufin rumfa. Inno ce ta amsa. "Ƙayar kihin ƙurungu ta. Ta karye ciki."

"Ƙurungu? Ina kas samu ƙurungu yanzu?"

Ɗanasabe ya juya, ya ga taru a rataye a bayan rumbu, an lulluɓe shi da tsohon buhu kamar abin sata. A wannan lokaci na damina, wuri ɗaya ne ƙurungu mai girman soke mutum haka yake taruwa, kuma jarkokinsa jajaye ne ke gadin wurin.

"Bayan jarkoki kas shiga."

"Ruwan da ubana yay yi su ciki," Jatau ya ce, murya a dashe. "Ruwan da nic ciyar da kai da shi. Yanzu sai jarka ta hana ni?"

Ɗanasabe ya haɗiye abin da ya zo masa baki. Ba ranar wannan ba ce. "To, ya wuce. Tashi mu tahi asibiti."

"Ba ni zuwa."

"Don mi?"

"Don mi? Kai kaka tambaya ta don mi?" Jatau ya yunƙura ya dogara da gwiwar hannu. "Wa yat tsaya ƙohwar masallaci ran Juma'a yac ce duk wanda ya aza yatsa ga na'urar nan, labarinai na sakatariya kahin shi kai gida? In na je, su tambaye ni mi yas soke ni. In ce ƙurungu. Ta rubuta. Gobe a zo a ɗauke min taru. Da mi za ni ciyar da ɗiyana? Gara in kwanta nan, ganyen nan na aiki."

Ganyen ba ya aikin komai, kowa a gidan ya sani. Ɗanasabe ya tsaya riƙe da makullin babur. Baki shi ke yanka wuya, amma bai taɓa zaton wuyan ɗan'uwansa nasa bakin zai nufa ba. Da hannu ɗaya ya rufe ruwa, da ɗaya ya rufe ƙofar asibiti, ga Jatau a tsakiya yana ruɓewa.

"Yaya, magana ta ta siyasa."

"A'a. Da rantsuwa kah hwaɗe ta."

Inno ta zauna a bakin turmi ta rufe fuska da gefen mayafi. Kukan nata ba shi da sauti, shi ya fi ci wa Ɗanasabe rai. Ya fita waje, ya buɗe akwatin babur, ya ture sufana da tsumman mai, ya ɗauko ledar ƙwayoyin. Ya dawo ya ajiye ta a kan tabarma kusa da hannun Jatau.

"Mi na na wanga?"

"Maganin suga. Nawa na. Tun bara ina cikin na'urar nan, Yaya, da sunana da ciwona. Babu wanda yaj ji. Ko ku da muke gida ɗaya kun ji?"

Inno ta sauke mayafin. Jatau ya juya ledar, ya dubi ƙanensa daga sama har ƙasa.

"Shi yas sa ka daina sa suga ga shayi? Mu munka ɗauka rowa ta ta kama ka tun da ka hau kujera."

"Ba rowa ba ta."

"Ai ko." Jatau ya mayar da kai kan matashi. "Ɗan siyasa na kai. Wa yas sani ko maganin ciwon kai na ka ɗauko don ka yaudare ni? Sai na gani da idona. Ka aza naka yatsa gabana, sannan in aza nawa."

Ɗanasabe ya tuna wadda ke zaune a bayan na'urar. Ya tuna dariyar Alhaji Nuruddeen, wadda ake jiyo ta daga wancan gefen kasuwa. Sannan ya sake duban jan layin nan da ke hawa cinya.

"Na yarda. Inno, kama min shi."

Suka ɗora shi a bayan babur, ƙafar tana reto, Jatau yana cije leɓe a kowane rami. Asibitin ɗaki uku ne da baranda, ga farantin hasken rana a kan rufi. Mata masu awon ciki sun cika benci. Da suka ga kansila da taɓo a riga, ba hula, yana tallabe da yayansa, sai gaisuwa ta tashi ta ko'ina, idanu kuma suka biyo su har ciki.

Mufida ta miƙe ta gaishe su da ladabi. Tana ganin ƙafar ta daina murmushi. "Subhanallahi. Baba, ku kwanta nan. Bari in buɗe maku kati, ku aza yatsa."

"Shi za shi hwara," Jatau ya ce, yana nuna ƙanensa da haɓa.

Ta dubi Ɗanasabe cikin mamaki. Duk garin an san ra'ayinsa a kan wannan na'ura. Ya goge babban yatsansa a riga, ya ɗora a kan ɗan gilashin. Bai taɓa jin yatsa ya yi masa nauyi haka ba, ko ranar zaɓe. Na'urar ta yi ƙara kaɗan. Mufida ta karanta abin da ya fito, fuskarta ba ta canza ba. Ta tashi ta tura ƙofa ta rufe, ta dawo.

"Ranka shi daɗe, kun yarda in hwaɗa gabanai? In ba ku yarda ba, ba ni hwaɗi."

"Hwaɗa mai."

"Suga na, Baba. Yana shan magani tun bara." Ta juya ga Ɗanasabe ta rage murya. "Kuma lokacin awonku ya wuce. Kahin ku tahi sai na duba ku."

Shi ke nan abin da ta ce. Jatau ya daɗe yana kallon ƙanensa, sannan ya miƙa nasa yatsan, mai kaushi da tsagar igiya, sai da ta danna shi sau da yawa kafin na'urar ta karɓa.

"Mi yas soke ku, Baba?"

"Ƙaya."

"Ta icce ko ta kihi?"

Jatau ya dubi ƙofa. "Ta kihi."

Ta rubuta. Ya zuba mata ido yana jiran tambaya ta gaba, wadda ta hana shi barci, ta kusa cinye masa ƙafa. Tambayar da ta zo ita ce ko an taɓa yi masa allurar tsatsa.

"Ba ki tambaya ta inda nis samu kihin?"

"Ni ƙahwa nika magani, Baba. Kihi ba aikina ba na."

Ta kira babban ma'aikacin asibitin, suka wanke tokar, suka tsaga wurin. Jatau ya kira sunan Allah da na kakanninsa, ya matse hannun Ɗanasabe har ƙashi ya yi ƙara. Guntun ƙayar da aka zaro bai kai tsinken sakace ba. Aka ɗaura masa ruwa, aka yi masa allurai. Ma'aikacin ya ce da an ƙara kwana biyu, da maganar asibitin Gusau ake yi, da maganar wuƙa. Amma yanzu, in Allah ya so, ƙafa ta tsira.

Ɗanasabe ya fita baranda ya zauna a ƙasa, ya jingina da bango, bai damu da masu kallo ba. Wani sanyi ya sauko masa daga ƙeya har tafin ƙafa. Ya kira Inno ya faɗa mata, ya ji tana jera hamdala cikin kuka. Shi ma sai da ya share ido da hannun riga.

La'asar ta yi lokacin da Kansila Abdulwahabu na Damaga ya kira shi. Ɗanasabe yana zaune a gefen gadon Jatau, auduga manne a yatsansa inda Mufida ta ɗebi jini.

"Kana ina? Ga hularka nan hannuna. Shugaba ya ce ra'ayinka kaɗai ya rage ga zancen na'ura. A rubuta ka ƙi, ko?"

"A rubuta na yarda."

"Ka mi? Kai da kac ce ba ta da kunya?"

"Na gan ta da idona. Ta hi ni kunya. Sai na zo."

Ya kashe wayar. Jatau, wanda zazzaɓi ya fara sakinsa, ya buɗe ido ɗaya.

"To, tunda ba ta kai ƙara ba, taruna ya tsira ke nan."

"Ita ba ta kai ba. Amma kansila ya ji da kunnenai, ya gani da idonai bayan rumbu. Taru na ɗakin Inno hal kaka, makulli na wurina. Abincin gidanka kuma na wuyana hal a buɗe ruwa."

Jatau ya buɗe ɗaya idon. "Ashe ƙarhe ya hi ɗan'uwa riƙon amana. To ka sani, in ka kulle min taru, ran kasuwa sai kowa ya ji abin da yah hana ka shan suga."

Ɗanasabe ya dubi ƙafar da ke naɗe da farin bandeji, yatsu biyar cif suna leƙowa. Ya ji dariya ta taso masa, irin wadda ya kwana biyu bai yi ba.

"Hwaɗa masu, Yaya," ya ce. "Amma da ƙahwarka za ka taka ka je."