Ruwan farko a Vénissieux

Duk wanda ya san Chaibou a unguwar Minguettes ta Vénissieux, kusa da Lyon, ya san maganarsa ba ta wuce gona. Mutumin Tasawa ne, yana aikin ɗaukar kaya a wani sito, yana zaune a bene hawa na goma da matarsa Hamida, amma ko gaisawa kuka yi sai ya sako maka zancen damina. Shekaru ya yi yana jiran layi kafin kwamitin lambuna na unguwa ya ba shi wani ɗan fili bayan hanyar jirgin ƙasa. Fili dai sunansa fili: tsakuwa, fasassun kwalabe, da ciyawa har gwiwa. Sharaɗin kuwa guda ne. In kwamiti ya zagayo farkon bazarar Turawa ya tarar ba shuka, sai a karɓe a ba na baya.

Wannan a shekarar 1994 ne. Chaibou ya yi ta sassabe duk ranar hutu har hannunsa ya yi kanta. Wansa Nouhou, mai aikin dako a kasuwar Rungis can Paris, ya aiko masa da irin gida a cikin ƙullin leda: kuɓewa, yakuwa, wake, da ɗan gero na marmari.

Maƙwabciyarsa a lambun wata tsohuwar Bajamushiya ce, Madam Irmgard, gajera mai faɗin kafaɗa, ga faɗa kamar me. Shingen katako da kwano ya raba su, sai dai ka ga kanta in ta taka bokiti ta leƙo. Ita da marigayi mijinta suka fara sare dajin wurin bayan yaƙin duniya na biyu, lokacin ba wanda ke amsa gaisuwar Bajamushe.

Cikin watan Maris aka kwana ana ruwa. Da safe Chaibou ya shaƙi ƙamshin ƙasa. A garinsu in ruwan farko ya sauka, ko amarya fita take yi shuka. Ya saɓi hauya, Hamida na biye da ƙwarya, yana sara tana jefa iri tana rufewa da diddige.

Kan tsohuwa ya ɓullo bisa shinge. “Kai, me kake binnewa?”

“Shuka nake, Madam. Ba ki ga an yi ruwa ba?”

“Nan kullum ruwa ake! Ka bari sai tsakiyar Mayu. Sanyi bai tafi ba, laɓewa ya yi.”

Chaibou ya yi mata godiya da ladabi. Da ta sauka daga bokitinta ya ce wa Hamida da Hausa, “Ji mini tsohuwa! Ni za a koya wa shuka? A kunyar gona aka yanke mini cibi.”

“To, Malam,” in ji Hamida, “ko mu rage rabin irin?”

Ina! Bai rage ko ƙwaya ba.

Aka yi kwanaki ana rana mai daɗi, wake ya fara leƙowa, yakuwa ta biyo. Chaibou har waya ya buga wa Nouhou yana cika baki. Sai wata asuba cikin Afrilu raɓa ta daskare. Da ya iso lambu, kowane tsiro ya yi baƙi ya kwanta kamar an watsa masa tafasasshen ruwa. Ya tona ramin kuɓewa, ya tarar irin ya ruɓe tun a ƙasa. Wallahi mutumin nan zama ya yi bisa dutse ya rufe fuska da hula. Ba iri, lokaci na tafiya, kuma shi bai san abin da ƙasar nan take karɓa ba.

Bai ji zuwanta ba sai ƙarar baro. Madam Irmgard ce ta zagayo ta ƙofa, baron cike da dashe, kowane da ƙasarsa a gindi: kabeji, albasa, salati, da wasu ganyayen da bai taɓa gani ba.

“Tashi, ba a kuka a lambu,” ta ce. “Mu shekararmu ta farko kabejin garinmu muka shuka, zafin Lyon ya ƙone shi ƙurmus. Mijina ya yi wata bai yi wa kowa magana ba. Kawo hauyar nan taka.”

Haka ta yi ta zuwa, yau baro guda, jibi baro guda, tana nuna masa tazara da tafin hannu, tana yi masa tsawa in ya cika ruwa. Da Mayu ya raba ta kawo tumatir. Shi duk zatonsa rarar da ta yi mata yawa ce take rage masa. Hamida ta riƙa aiko mata da fanke, tsohuwa tana ci tana cewa mai ya yi yawa.

Ranar zagaye, mutanen kwamiti suka tsaya bakin filin Chaibou, kore shar har shinge. Shugabansu ya gyaɗa kai, ya miƙa masa hannu, ya ce fili nasa ne. Daɗi ya kashe Chaibou. Suna wucewa ya zagaya don ya kai wa tsohuwa albishir, karo na farko da ya taka ƙofarta.

Nan ya tsaya cak. Fiye da rabin lambunta ƙasa ce tsirara, ramuka jere-jere inda aka ciro dashe. Abin da ke filinsa duk daga nan ya fito.

“Madam, naki fa? Me suka ce miki?”

“Sun ce na tsufa, baɗi za su duba lamarina.” Ta ɗaga kafaɗa. “Su duba mana. Kai dai sun bar maka?”

Chaibou ya durƙusa gabanta kamar yadda ake yi wa uwa a Tasawa, hawaye na zuba, ya ce da Hausa, “Na gode, Inna. Allah ya saka miki.”

Ba ta ji ko kalma ɗaya ba. Ta daka masa tsawa ya tashi kada ya ɓata wandonsa. Ya tashi, ya tuɓe rigarsa ta fita kunya ya rataye a shinge, ya tambaye ta daga wane layi zai fara gyara mata lambun.