Ragon Inna Sodangi

"Sake hwaɗa min, ɗiyata. Ana kallona har Sakkwato, amma gurush ɗin, kuɗin, sai ga wasu?"

Inna Sodangi ce ke tambayar jikarta Najwa, tana kishingiɗe kan angareb, gadonta na igiya. Ni ina gefe ina dafa mata gahawa. Katanga ɗaya ce ta raba gidajenmu a Mai Wurno, nan ƙasar Sudan.

"Habboba, kakata, kamfanin ya ce ba ya biyan kuɗin talla ga masu shafi a Sudan. Da a Kano muke, da tuni."

Tsohuwa ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. "Ashe dariya ma sai da fasfo!"

Tun bara Najwa ke ɗaukar ta a waya tana shafa kisra, wainar dawa mai fele-fele, tana yi wa kajinta faɗa da tsohuwar Hausar kakanninta. Jama'a suka yi ta kallo. Likitan Sinnar kuwa ya riga ya gaya mana zuciyar Inna ta gaji.

Bilyaminu, ɗan ƙanen Inna mai shago a Kano, ya ce a turo masa bidiyon ya sa a shafinsa, in kamfanin ya biya ya aiko da kuɗin. Najwa ta ƙi, ta ce wahalarta ce wani zai ci sunan. Inna ta ce, "Halas, ba shi. Tukunya za shi ara, ba hannun mai miya ba."

Bilyaminu bai ci amana ba. Da kuɗin suka iso, Najwa ta ce sai asibiti. Inna ta ce sai rago.

"Likita ya gama nashi. Ina son in ga masu cin sadakata da idona."

Najwa ta yi kuka, sannan ta je kasuwa.

Ranar Juma'a unguwa ta cika gidan. Daga kan gado Inna ke ba da umarni: wance ta cika gishiri, mahaucin nan wuƙarsa ko kabewa ba ta yankawa. Ta ci hanta yanka biyu, ta sa mata suka yi guɗa. Najwa ta ɗaga waya, sai ta mayar da ita aljihu, ta zauna ta ci tare da kakarta.

Da hantsin Litinin Allah Ya karɓi abinsa, ina riƙe da hannunta.

Bayan an kai ta, mata suka cika ɗaki suna maimaita maganganunta, hawaye da dariya a haɗe. Na fito shan iska. Fatar ragon na shanye a tsakar gida, ko bushewa ba ta gama yi ba.