Mabuɗin Ƙofa ta Bakwai

A shekarar 1982 Sambo, ma'aikaci a sakatariyar Tambuwal, ya dawo daga kwas a Legas da akwatin wasa da ake jonawa da talabijin. A cikin wasan akwai birnin aljanu mai ƙofofi bakwai, kowace da mabuɗinta na tsafi a ɓoye. Wata biyu yana fama, bai wuce ƙofa ta biyu ba.

Ƙanwarsa Ni'imatu, malamar firamare, takan kunna wasan kafin ya taso daga ofis. Duk mabuɗin da ta gano sai ta zana wurinsa a littafin rubutu, har ta kai shida.

Sambo ya ga littafin ya ɗauke, ya yage bangon da ke da sunanta. Da abokansa suka zo, ya buɗe ƙofofi shida a jere, ya ce basirarsa ce. Ni'imatu ta shigo da fura, sai Bube, abokinsa daga Kebbe, ya tambaye ta ko ita ma tana taɓawa.

"Wagga?" in ji Sambo. "Ko kunna shi ba ta iya ba. Allinta ya ishe ta."

Suka yi dariya. Ta ajiye kwanon ta fita.

Cikin makon ta gano sirrin ƙarshe. Mabuɗai biyu ne a gindin wata rijiya, fari da baƙi. Farin ke buɗe ƙofa ta bakwai, baƙin kuwa ƙone sauran yake yi, ya mai da mutum farko.

Ranar Alhamis Sambo ya same ta yana ta fara'a, ya ce ya gayyato mutane gobe, ta gaya masa yadda ake buɗe ƙofa ta bakwai.

"Baƙin mabuɗin da ke gindin rijiya za ka ɗauka, Yaya," ta ce.

Bayan sallar Juma'a falo ya cika, har da mutanen garin Jabo. Sambo ya kai baƙin mabuɗi bakin ƙofa, wuta ta tashi, mabuɗansa shida suka zama toka. Ya yi ta danne-danne a banza.

Ni'imatu ta shigo, ta durƙusa ta gai da baƙi, ta karɓi abin dannawa daga hannunsa. Ba tare da duba littafi ba ta tattara mabuɗan ɗaya bayan ɗaya, ta ɗauko farin, ƙofar ta buɗe. Bube ya yi dariya har da hawaye.

Sambo ya yi wata guda bai yi mata magana ba. Mahaifiyarsu ta ce ta ba shi haƙuri.

"Inna, shi nika jira ya fara," in ji ta.