Abin da Aka Rufe a Ciki

Tun da shanyewar ɓarin jiki ta zaunar da Malam, baranda ta zame masa duniya. Da safe ɗansa zai turo kekensa can ya bar shi yana kallon titi: mai gyaran babur na faɗa da kwastoma, yara na gudun makara, tsofaffin ɗalibansa na ɗaga murya, "Malam, ina kwana!" Shi kuma ya ɗaga hannun da ya rage masa. Harshen ne ya yi nauyi. Mutumin da ya tsufa yana koyar da Turanci, muryarsa har ajin maƙwabta, yanzu sai ya yi gumi kafin kalma ɗaya ta fito.

Rannan keken ya gangara ya bugi ƙarfen baranda. Ko ƙwarzane Malam bai samu ba, amma ɗan ya ɗaga hankalin kowa. Washegari sai ga shi da mai aikin alminiyam, suna ta aune-aune. Ɗan ya rage murya ya juya harshe, irin yadda iyaye ke yi in ba sa son yara su gane.

"Enclose it," ya ce.

Takaici ya turnuƙe Malam. A gabansa! Wai wa ya koya wa yaron nan Turancin? Ya bubbuga hannun keke.

"En... en..."

"Na'am, Baba? Ruwa za ka sha?"

"...close."

"Au, wannan? Ba komai ba ne, Baba. Ɗan kewayewa ne kawai, kamar surround."

Da a aji ne, da wannan amsa ta ja wa mai ita tsayuwa a rana. Surround daban: ruwa na kewaye tsibiri, tsibirin kuma yana shan iskarsa. Enclose kuwa rufewa ce ta kowane ɓangare. Sau nawa ya zana akwati a allo, ya ɗiga ɗigo a tsakiya, ya ce ga shi nan? Bayanin duk yana kansa a jere, har da misalai. Ya buɗe baki, abin da ya fito kawai, "A... a'a."

"Kin ji, ba ya son ruwan," ɗan ya ce wa matarsa da ta taho da kofi.

Mai alminiyam ya tambaya, "Gilashi mai haske za a sa, yallaɓai, ko mai hazo?"

"Mai hazo. Kada a riƙa leƙen tsoho."

Kwanakin aikin Malam yana ɗaki yana jin ƙarar injin huda, yana cika yana batsewa. Da aka gama, ɗan ya turo shi da murna. Aiki kam ya yi kyau, ba ƙarya. Sai dai titi ya koma inuwoyi masu wucewa, mai gyaran babur ma kamar daga rijiya yake faɗansa.

"Ya ka gani, Baba? Ba hayaƙi, ba hayaniya, ba faɗuwa."

Malam ya tattaro duk ƙarfin da ya rage masa. "Enclose," ya ce, ta fito tas kamar dā.

"Ke, zo ki ji, Baba ya yi magana!"

Malam ya ci gaba, kamar yana darasin nahawu a aji: "Aikatau ne. Sai da... abin da... aka rufe."

"Eh mana, Baba, barandar ke nan."

Malam ya girgiza kai irin na wanda ɗalibi ya ba amsar banza. Ya ɗaga hannun mai lafiya ya dafa ƙirjinsa. Murmushin ɗan ya ɗauke.

Wata inuwa ta rage tafiya a bayan gilashin, ta ɗan tsaya. Malam ya ɗaga mata hannu da sauri.

"Allah sarki," muryar ta ce daga waje, "Malam ya daina fitowa."